Mun Koma Gidan Taliyar Japanawa Babu Kai

Zuwa ga ƙanina Muzammil,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Ina miƙo maka gaisuwa mai yawa, da fatan wannan saƙo zai riske ka cikin kariyar Ubangiji a duk inda kake. Inna tana gaishe ka. Matarka Nusaiba da 'yarka Tasnim suna nan lafiya. Yayarka ce Sa'adiyya, daga gidanmu na Nuzla a Jidda.

Na rubuta wannan a fili inda kowa zai gani, domin lambarka ta daɗe da daina shiga, kuma babu wanda ya rage ban tambaya ba. Wataƙila wani da ya haɗu da kai a hanyar Madani ko Sinnar, can Sudan, ya karanta, ya isar maka. Akwai maganar da nake so ka ji daga bakina kafin ka tsince ta a bakin mutane.

Ranar Alhamis da ta wuce, ni da Nusaiba mun koma gidan taliyar nan ta Japanawa da ke unguwar Aziziyya.

Na san ba ka manta ranar da ka kai mu ba. Saura kwanaki kaɗan ka tafi Sudan duba Inna, da ciwon ƙafa ya kwantar a Madani. Ka dawo daga siton da kake aiki a Khumra, gashinka duk ƙurar kwali, kana ta zumuɗi. Wai wani abokin aikinka ɗan Filifin ya ba ka labarin wata taliya mai suna ramen, wadda barkononta yake sa ƙato hawaye. Na ce maka ni ban ga abin da zai fitar da ni daga gida don cin taliya cikin romo ba. Ka ce, "Yalla Yaya, sa abayarki. Yau 'ya'yan mai agashe za su je su gaisa da barkonon Japan."

Da ka ambaci agashe, tsiren da Baba yake sayarwa, sai na kasa musu. Mu da muka tashi muna daka wa Baba yaji a turmi, muna atishawa har idanunmu su kumbura, shi kuma yana gasa nama a bakin layi yana mana dariya. Allah Ya jiƙansa.

A bakin ƙofa na tsaya na ce ba zan shiga ba sai ka tambayo min da me aka yi romon. Ma'aikacin ya ce kaza ce, halal. Na ce ka sake tambaya. Ka sake, kana ta ba shi haƙuri da Larabci, kana ce masa yayarka ce, haka take tun kuna yara.

An kawo takardar abinci mai hotunan barkono a jere, daga ƙarami har zuwa wanda aka zana da harshen wuta. Ka ɗora yatsa a kan na ƙarshen. Ma'aikacin ya yi maka kashedi, ka daki ƙirji ka ce ubanka da barkono ya raine ka.

Har yanzu ina ganin kwanon nan. Romo ja wur, mai ya taso a kansa, taliya a nutse a ƙasa, rabin ƙwai da gwaiduwarsa ba ta gama dahuwa ba, da wani baƙin ganye kamar takarda da aka jingina a gefe. Aka ba mu tsinkaye bibbiyu a madadin cokali. Ni nan take na nemi cokali mai yatsu. Nusaiba ce ta ba mu mamaki, ta riƙe su kamar da su aka haife ta, ta ce tun tana yarinya a Madina take kwaikwayon 'yan katun ɗin Japan na talabijin. Kai kuwa duk taliyar da ka ɗauko sai ta sulluɓe ta koma, romo ya fantsal maka a farar riga.

Ka kai loma ta farko. Sai gumi ya fara tsattsafo maka a goshi, ya gangaro ta bayan kunne. Hancinka ya fara zuba. Na tambaye ka ko da zafi, ka ce, "Babu zafi, tururi ne kawai." Tasnim tana kan cinyar uwarta, lokacin bakinta bai gama buɗewa ba, tana nuna fuskarka tana ƙyalƙyala dariya har mutanen teburin kusa suka juyo. Ba ka bar ko ɗigon romo ba. Sai a mota, bayan ka shanye ruwan da ke hannun kowa, ka ce, "Yaya, don Allah kada 'yan Khumra su ji wannan labari."

Ban san ranar ce ta ƙarshe da zan gan ka kana cin abinci kana dariya ba. Da na sani ma ban san abin da zan yi dabam ba. Wataƙila da na ƙara kallonka.

Ka tafi da niyyar wata ɗaya, yaƙi ya rutsa da kai. Ka zauna da Inna har wutar ta iso Madani. Saƙonka na ƙarshe na murya ne, ana ta hayaniya a bayanka: "Yaya, na sa Inna a motar Bur Sudan, ki shirya tarbarta. Zan koma in fito da Kawu, kin san ba ya gani. Ni ma ina tafe." Inna ta iso Jidda ta jirgin ruwa, da ƙullin kaya ɗaya da ƙafa a kumbure. Kai ba ka iso ba. Kawu ma babu labarinsa.

Mun nema, Muzammil. Duk wanda muka ji ya sauka daga can, sai na je har gidansa da hotonka a waya. Wani ya ce ya ga mai kama da kai a Gadarif yana tura baro. Wata ta ce an tare wata mota a hanya an sauke samari, amma ba ta ga fuskoki ba. Azumi ya zo ya wuce, wani ya sake zuwa ya wuce. Inna ba ta yarda wayarta ta mutu, ko salla za ta yi sai ta ajiye ta a gefen darduma.

Duk tsawon wannan lokaci Nusaiba tana tare da mu. Ita take gasa wa Inna ƙafa, ita take juya ta idan bayanta ya gaji. Ban taɓa jin ta ce ta gaji ba.

Ranar Alhamis bayan la'asar ta ce in raka ta Aziziyya. Muka bar Tasnim wurin Inna. Na ɗauka sayayya za mu, sai na ga mun tsaya a ƙofar gidan taliyar. Sun canza fitilu, ma'aikacin da ka yi wa alfahari ma ba ya nan. Amma ƙamshin yana nan yadda yake, tafarnuwa da citta da barkono.

Ka san Nusaiba ba ta son yaji, ko a miyarmu sai an ɗebar mata kafin a zuba. Ranar kuwa ta ɗora yatsa a kan mai harshen wutar nan. Ni ma na zaɓi nawa. Da aka kawo kwanukan, ta ci kaɗan, ta ajiye tsinkayen a gefe.

Ta ce mahaifinta ya kira ta daga Madina. Iƙamarta da ta Tasnim, wato takardunsu na zama a ƙasar nan, a ƙarƙashin taka suke, taka kuwa ta mutu tun da ba ka dawo ba. Yarinya ta isa shiga makaranta, babu takardar da za a nuna. Yana so ya mayar da su ƙarƙashin sunansa, su koma wurinsa. Ya kuma tambayi malamai, sun ce ta yi jira, tana da damar zuwa gaban alƙali a duba maganar raba auren.

Ta ce a gida ba za ta iya faɗa ba, Inna tana jin komai. Ta ce tana so ta faɗa a wurin da ta san ka taɓa yin farin ciki. Sannan ta ce, "Yaya, wallahi babu wani a raina. Amma ni ba matar aure ba, ni ba mai takaba ba. Ban san me zan ce wa Tasnim ba idan ta tambaya."

Ba zan ɓoye maka ba, raina ya ɓaci da farko. Maganar ta zo har bakina, in ce mata kana da rai, in ce mata wace irin gaggawa ce wannan. Sai na kalli hannayenta a kan tebur. Sun rame, zoben da ka saya mata har juyawa yake a yatsa. Yarinyar da muka ɗauko daga Madina da kumatunta, ga yadda ta koma a gidanmu, ni kuma ina kallo kullum ban gani ba.

Na ce mata, "Halas, shi ke nan, Nusaiba. Zan raka ki wurin alƙali, in faɗi abin da na sani."

Ta kifa kai ta yi kuka marar sauti. Sabon ma'aikacin ya kawo ruwan sanyi da sauri, yana cewa dama ya gaya mata wannan ya fi ƙarfin mutane da yawa. Muka yi masa godiya. Da ta ɗago, ta jawo kwanon ta ci gaba da ci, leɓunanta sun yi jawur, tana shessheƙa, har ta ga ƙarshensa. Ta ce tun ranar da ka kawo mu take so ta san abin da ka ji. Nawa kwanon ya huce a gabana, ban iya taɓa shi ba.

Washegari da hantsi na gaya wa Inna. Na yi zaton za ta yi faɗa. Ta kalli ƙafafunta, sannan ta ce, "Tasnim fa, za a riƙa kawo min ita?" Na ce za a riƙa kawowa. Ta sa na kira Nusaiba, ta kama hannunta ta ce, "Kin yi min abin da 'yar cikina za ta yi. Ki je, Allah Ya yi miki albarka." Da muka fita ta ce in ja mata ƙofa. Tun saukarta daga jirgi ban ji kukanta ba sai ranar.

Bayan Salla za su tafi. Tasnim ta yi tsawo, ta ɗauko goshinka da taurin kanka. Hausa tana ji amma da Larabci take mayarwa. Ina koya mata sunanka cikakke da na Baba, don kada ta je Madina ta tashi ba ta san 'yar waye ba.

Auta, idan kana raye, idan wata rana ka sauka a garin nan ka tarar ɗakinka babu kowa, kada ka riƙe ta a zuciya. Ta jira ka iya ƙarfinta. Ni na ce ta tafi, ni za ka zo ka yi wa faɗa. Ka zo ka yi min faɗan, ka ɗaga murya yadda kake so, zan zauna in saurara har ka gama.

Ya Allah, Kai Ka san inda bawanKa Muzammil yake, mu ba mu sani ba. Idan yana bisa ƙasa, Ka ciyar da shi, Ka suturta shi, Ka haɗa shi da masu tausayi, Ka buɗe masa hanyar gida. Idan kuma yana ƙarƙashinta, Ka yalwata masa, Ka sa an samu wanda ya yi masa salla ya rufe shi da mutunci. Ka ba Nusaiba sauƙi a inda za ta. Ka raya Tasnim. Ka ba mahaifiyarmu labari tabbatacce, kowane iri ne, tun tana da sauran numfashi. Amin.

Wassalam.

Yayarka da ba ta daina sauraron ƙofa ba,
Sa'adiyya
Nuzla, Jidda