Guntayen Katako Biyu da Ka Zubar

Zuwa ga ƙanina Auta,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Amarya da 'yan biyu. Allah ya tsare ku a inda kuke, ya sa wa aikinka albarka. Mu nan sai godiya. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, har ta koma zagaya gida da sandarta tana yi wa kowa faɗa, ka san ke nan lafiya ta samu. Babbar 'yarmu ta sauka lafiya, an samu mace. Hannun yayanka ma yana warkewa, shekaranjiya aka cire zaren ɗinki, sai dai ƙaramin yatsan hagu ya tafi ke nan. A kan hannun nan na ɗauki biro, kuma gara ka sani tun yanzu, raina a ɓace yake.

Kawu ya zo mana ranar Talata, ya zauna ya gyara murya, ya ce kun yi magana ta waya kai da shi da Gwaggo, kun yanke shawara. Wai Yaya ya tsufa, idonsa ya rage, hannunsa ya fara rawa, don haka ranar Asabar ta sama za a zo a ɗauke babban zarton shagonsa a sayar, shi kuma ya zauna gida ya huta. Ya ce kai ka kawo shawarar, saboda tausayi. Sannu da tausayi, Auta! Mutumin da har gobe shi ke zura wa Inna zare a allura, shi ne idonsa ya rage? Kana can nesa ka auna masa tsufa ta waya, ba ka ko tambaye ni ba, ni da nake share shagon nan kowace safiya shekara ashirin da bakwai.

Ka san zarton, wanda faifansa ke rataye a jikin dogon hannun ƙarfe, a jawo shi ya ratsa katako, a tura shi ya koma. Amma ba ka san yadda yayanka ke zaune da shi ba. Bai taɓa kunna shi da riga mai faɗin hannu ba. Bai taɓa cire murfin faifan ba, ko da masu aiki sun tsaya masa a ka suna gaggawa. Sai ya manna katako a jikin tokarin baya, ya ajiye hagunsa nesa da layin yanka, ya jawo a hankali, don ya ce irin wannan zarto in ka sakar masa fuska da kansa yake rugowa wajenka. Har dariya kafintocin layinmu ke yi masa, suna cewa yana lallaɓa inji kamar jariri. Su je su ƙirga yatsunsu. Shi nasa goma cif suke har zuwa watan jiya.

Yanzu ka tuna zuwanka. Yayanka ya yi tafiyar kwana huɗu sayen katako, ka ce za ka yi masa bazata, ka kira magini ya sake daɓen shagon da siminti. Na ji daɗi, ban ɓoye ba. Da aka zo mayar da zarton wurinsa, sai ga wasu guntayen katako biyu, baƙaƙe, sun sha mai da ƙura, waɗanda ke ƙarƙashin ƙafafunsa na gaba. Na ce maka a mayar da su yadda suke. Ka yi dariya, ka ce matar Yaya ba ta rabuwa da tarkace, wai tsohon daɓe ne mai rami ya sa ake tokara inji, yanzu kuwa ƙasa ta yi sumul. Ka sa ƙafa ka shure su waje. Ni kuma na yi shiru, don a lokacin ban san amfaninsu ba, na dai san ba ya taɓa su. Wannan shirun nawa har yau yana cina.

To ga amfaninsu. Su ne ke ɗan ɗaga gaban injin, ta yadda in an gama yanka aka saki zarton, zai zauna can baya, ba zai gangaro ba. Shi kuma maginin naka ya karkato daɓen wajen ƙofa, inda gaban injin ke fuskanta, don ruwan wanki ya riƙa fita, karkatar da ido ba ya gani. Yayanka ya dawo ya ga shago fes, ya yi ta sa maka albarka. Washegari ka tafi. Kwana biyu bayan nan, da hantsi, ya yanka katakon ƙofa, ya tura zarton baya ya kashe shi kamar kullum, ya miƙa hagu zai ɗauke guntun da ya rage. Faifan bai gama juyawa ba, ya silalo gaba shiru, ya same shi. Ina bakin ƙofa da tsintsiya a hannuna. Ba na fatan ka ga abin da na gani a kan sabon simintin nan.

Da aka sallamo shi daga asibiti, bai shiga gida ba sai da ya leƙa shago. Ya cire wayar daga wuta, ya tura zarton baya da hannun dama, ya saki. Muna tsaye muna kallo ya gangaro da kansa. Ya sake turawa, ya sake gangarowa. Sai ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashin ƙafafun, ya daɗe a durƙushe. Na gaya masa yadda aka yi, ban rage komai ba. Ya ce laifinsa ne, duk wanda aka motsa masa inji wajibi ne ya gwada shi kafin ya kunna, kuma bai kamata ya kai hannu ba faifai na juyawa, murna ce ta ɗauke masa hankali. Wannan gaskiya ne, ban musa ba. Amma sai ya ce kada in kuskura ka ji, wai yaron kirki ya yi abin alheri, ba za a mayar masa da shi baƙin ciki ba. Shi ya sa da Kawu ke lissafa masa tsufa, ya sunkuyar da kai ya ce to. Ya gwammace a raba shi da sana'arsa, a riƙa nuna shi a layi ana cewa ga tsohon da ya yanke kansa, da a ce ranka ya ɓaci.

Ni kam ban iya irin wannan haƙuri ba. Tunda na shigo gidanku kana ɗan makaranta ina wanke maka kaya, ban taɓa tsallake maganar yayanka ba sai yau. Ban ce ka yi da gangan ba, Allah ya sani. Abin da ya ƙona min rai shi ne ka taɓa abin da ba ka sani ba, aka gaya maka ka yi dariya, da abu ya faru kuma ka ɗora wa shekarunsa. Ba kuka nake so ka yi ba, ba kuma aiken kuɗi nake nema ba. Ka kira Kawu kafin Asabar, ka gaya masa da bakinka abin da ya faru, a bar zarton inda yake. Sannan ka kira yayanka. Kada ka ce masa ya huta, ka tambaye shi yaushe zai koma aiki.

Guntayen nan na tono su a bayan shago cikin dusar katako. Ɗaya yana cikin ambulan ɗin nan, na san ka riga ka gan shi kana mamaki. Ɗayan yana wurin yayanka. Jiya na same shi zaune a shago yana jujjuya shi a hannun da ya rage masa yatsu huɗu, yana goge masa ƙura, alhali ya san Asabar za a zo.

Ka gaishe min da Amarya, ka ce ban manta da alkawarin zanenta ba. Ka shafa min kan 'yan biyu. Inna tana gaishe ku, ita ba ta san maganar guntayen ba tukuna. Yayanka ma da ya san ina rubutu da ya ce a gaishe ka, don kullum sai ya ambace ka.

Ni ce matar yayanka, mai jiran ƙarar waya.