Amfilifaya Biyu a Shagon Maraɗi

Zuwa ga Yaya Bube a Agadas,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyali. A nan intanet nake rubuto maka saboda wayarka ba ta shiga, kuma na san kana leƙa shafina ko da ba ka cewa uffan.

Saƙonka ya iso Burkusuma. Ka ce in je Maraɗi wurin abokinka mai shagon kayan kiɗa, ya ajiye amfilifaya biyu na ƙara sautin jita, irin na da masu kwalabe a ciki, in zaɓi ɗaya kyauta daga gare ka. Ka ƙara da cewa in ina da hankali babbar za ni ɗauka, in wuce da ita Agadas, tunda ƙungiyarka na neman mai jita na biyu. Na je ranar Talata.

Abokin naka ya kunna su duka, muka zauna jiran kwalaben su yi zafi. Ka san halinsu, ba sa magana sai sun yi ja kamar garwashi.

Babbar ƙirar Ingila ce, ƙarfinta wat ɗari, kai daban, akwatin lasifika daban, sai mutum biyu ke ɗaga ta. Da na taɓa jita a hankali, muryarta ta fito salam, ba gishiri. Abokin naka ya ce in murɗa maɓallin ƙara. Na yi ta murɗawa har kofunan shayi suka fara rawa a kan tebur, sai ga muryar nan da muke ji a kaset muna yara. Teloli na maƙwabta suka bar kekunansu suka leƙo.

Ƙaramar ƙirar Amurka ce, wat goma sha biyar, da hannu ɗaya ake ɗaukar ta. Ba ta da ƙirjin waccan, ko kusa. Amma daɗinta na fitowa tun tana ƙasa-ƙasa, ana iya hira kusa da ita ba a ɗaga murya ba.

Kai ka koya mini jita, da tsohuwar rediyon Baba da ka farke ka mayar amfilifaya, ka sha bulala a kanta. Kullum cewa kake, "Kiɗin da ba a jin shi har garin Gatawa, ba kiɗi na ba." Ka yi gaskiya a zamaninka.

Yanzu biki a nan da hantsi ake yin sa, a tsakar gida, a watse kafin la'asar. 'Yan bindigar da ke daji na gane inda jama'a ta taru daga ƙarar kiɗa. A sunan ɗan Kawu, ban gama waƙa ta biyu ba Inna ta fito daga ɗakin mata da kanta ta ce, "Ila, rage abin ga, ba mu son baƙi." Na rage. Babbar nan kuwa in aka rage ta, akwati ce kawai mai nauyi. Ta fili ce, ta garin da ake buɗe wa kiɗa wuta a bainar jama'a, wato taku ce.

Ga kuma hanya. Kwalaben nan gilashi ne, mu kuma mashin muke hawa. Ƙaramar ana naɗe ta da bargo a rungume ta a cinya.

Na yi wa Inna maganar tashi sau uku. Amsarta ɗaya ce: "Inda anka rufe ubanku, nan za ni zama. Kai tahi in kana so." Idonta ya yi rauni, Yaya. Ba ta bambance gero da dawa sai ta shafa. Ba a gaya maka ba don ita ta hana.

A shagon, na roƙi abokinka ya bar ni in sake kunna babbar. Na buga waƙar da ka fara koya mini, tun daga farko har ƙarshe, da ƙarar da ka so. Sannan na kashe ta da hannuna na ce a ɗaure mini ƙaramar. Raina ya sosu, ba za ni yi maka ƙarya ba. Tun ina ɗan shekara goma nake son tsayawa bayanka a dandali.

Don haka kada ku riƙe mini gurbi. Na gode da kyautar, tana aiki lafiya, Inna ma ba ta ce in rage ba.

Allah ya tsare ka, ya tsare mu, ya sa albarka a hannunka. Allah ya haɗa ka da mai jita wanda ya fi ni. In ka same shi, ba sai ka gaya mini sunansa ba.

Ƙaninka,
Ila