Gyaɗata Na Saya a Gidana

Zuwa ga ɗana Mamman a Jos,

Gaisuwa mai yawa. Yaya jiki, yaya aiki da iyali? Mu nan Karaye lafiya, ban da zuciyata.

Kaka ta yi, zan je suna Rogo ran Jumma'a. Na gama cefanen gida, na sayi ƙuli-ƙulin tsaraba wurin innarku. Da na kwance buhun gyaɗar da na ɓoye don biyan haraji, sai ɓawo zalla. Ita kaɗai na nuna wa maɓoyarsa. Ashe gyaɗata na saya, ni da unguwa ke kira ɗan boko. Na tambaye ta, ta ce, "Malam, ai na yi maka ragi."

Gaida mutanen gidanka. Ka sa ni a addu'a, don mai unguwa ba ya karɓar haraji da ƙuli-ƙuli.

Mahaifinka.