Zuwa da Dawowa Ɗaya Ne

Zuwa ga Malam Ladan, kocinmu kuma ubanmu,

Assalamu alaikum warahmatullah. Ina gaishe ka gaisuwar ɗa ga mahaifinsa, da fatan takardar nan za ta same ka da sauƙi, kai da iyali baki ɗaya. Yaya ƙafar? Yaya kuma fama da baƙi, don na san tun da aka sa ranar karrama ka ƙofar gidanka ba ta huta da sallama ba. Ni ne Tasi'u, ɗan gefenka na hagu mai lamba goma sha ɗaya. Daga Makka nake rubuto maka, daga wani ɗaki a unguwar Ka'akiyya da muke kwana mu biyar.

Sagiru mai tsaron gida, wanda yanzu shi ne shugaban tsofaffin ɗaliban kwalejinmu, ya yi mako uku yana bina da waya, wai lallai in aiko da saƙon da za a karanta a zauren taro ranar Asabar. Da ya turo mini tsarin taron na ga abin da aka rubuta a gaban sunana: saƙo daga ɗan wasanmu da ke buga ƙwallo a Saudiyya. Na daɗe ina kallon layin nan. Malam, ban taɓa buga wa wata ƙungiya ƙwallo a ƙasar nan ba, ko na minti ɗaya. Shekara goma sha ɗaya ke nan ana faɗin haka a gida ina yin shiru. Ba na so a tafa mini a gabanka a kan abin da ban yi ba, shi ya sa na sa wasiƙar a shafina na intanet inda kowa zai gani, kada in sami hanyar janye ta.

Amma bari in fara da kai, don ranarka ce.

Za a faɗi kofunan da ka ciyo wa kwaleji, kuma gaskiya ne ka ciyo su. Ni abin da na fi tunawa shi ne filin nan na jar ƙasa da ke bayan ɗakin cin abinci, da turakun raga da ka haɗa da kanka daga tsofaffin bututun famfo. Kowace safiya bayan Asuba kana tsaye a tsakiya da usur a wuya, mu kuma muna gudu daga wannan turke zuwa wancan. In mutum ya taɓa turken can ya ce ya yi ɗaya, sai ka girgiza kai ka ce, "Zuwa da dawowa ɗaya ne." Kai, mun tsani maganar nan! Mukan kwaikwaye ka a ɗakin kwana har da yadda kake karkace wuya, wai mu ba ka sani ba.

Ina tuna buhun takalman da ke bayan ofishinka. Duk wanda ya gama kwaleji sai ka roƙi takalminsa, ka kai wa baduku ya ɗinke, ka ba sabon shiga da ya zo daga ƙauye da silifa. Nawa na farko ƙafar dama ta fi ta hagu girma, ka cusa mini tsumma a ciki ka ce in daina ƙorafi, ai da hagu nake ci.

Ina tuna ranar da na goce a idon sawu. Kai ka goya ni a babur har wurin mai ɗori, ka riƙe mini kai lokacin da yake ja, ina ihu ina kiran uwata, kana ce mini in yi a hankali kada 'yan matan unguwar su ji. Mako biyu daga gidanka ake kawo mini tuwo.

Da ka yi ritaya na ɗauka za ka shimfiɗa tabarma ka huta. Ina! Sai ga Sagiru yana turo mana hotuna: ka mai da garejinka wurin gyaran kekunan guragu, kana walda da tabarau a goshi, ba ka karɓar ko sisi. Sannan ka haɗa musu ƙungiyar ƙwallo, suna bugawa da hannu a kan katako mai taya, kana gefe da usur ɗin nan dai kana yi musu faɗa kamar yadda kake yi mana. Na kalli hotunan nan a kan shimfiɗata na yi dariya, daga baya na kife wayar.

To ga nawa labarin. Wani dillali ne ya kawo ni da bizar umara, ya ce akwai gwaji a wata ƙungiya a Jidda. Ka hana ni a lokacin, ban ji ba. Gwajin bai taɓa zuwa ba, dillalin ma na daina samunsa. Biza ta ƙare, babu igama, wato takardar izinin zama, babu kuɗin komawa, ga kunya. Gwiwata ta hagu kuma a wani wasan banza na bayan gari a unguwar Zahir na lalata ta, ba a filin kowa ba. Wata rana na sayi riga mai lamba a kasuwa, na tsaya a gaban wani filin wasa aka ɗauke ni hoto, na aika wa mahaifiyata don ta daina kuka. Ita ta nuna wa maƙwabta, maƙwabta suka kai gaba. Ban taɓa cewa ina bugawa ba, amma ban taɓa cewa ba na bugawa ba.

Sana'ata tura arabiyya, wato keken da ake ɗora tsofaffi da marasa lafiya a yi musu ɗawafi da sa'ayi a Masallacin Harami. Ba ni da takardar yin aikin, don haka ido ɗaya yana kan hanya, ɗaya yana kan masu duba takardu. Tun safe har ƙafa ta ƙi ina faɗin "ɗarig, ɗarig" don a ba ni hanya. In na dawo gida sai na jiƙa tawul da ruwan zafi na naɗe gwiwar kafin in iya yin sallah a tsaye. Ba ƙorafi nake ba, halal ce. Ina dai faɗa maka ne don ka san wanda ya tura ka.

Eh, Malam. Ni ne.

Shekara biyu da suka wuce, da ka zo umara, da hantsi ne. Shugaban ayarinku ya yafito ni a kusa da Safa, ya nuna mini wani dattijo a zaune cikin zanen harami, ƙafarsa ta dama a naɗe da bandeji, ya ce in yi masa sa'ayi, su za su bi a ƙafa. Na zagayo don in gyara masa matakin ƙafa, sai na ga fuskarka. Ka rame, gemun ya yi fari fat, amma wuyan nan a karkace yake yadda na san shi.

Lokacin ana tsoron ciwon nan da aka ce daga raƙuma yake, kowa da kamama a fuska, wato ƙyallen rufe hanci da baki. Na ja tawa sama har gindin ido, na sauke hula. Ka yi mini sannu da Hausa, na amsa da "hayyakallah ya hajj" cikin maƙoshi, kamar ban ji ba. Na san in na furta kalma biyu ta Hausa ka gama gane ni. Mutumin da yake gane wanda ya yi tari a bayan sahu ba tare da ya waiwaya ba, ina zan ɓoye masa murya?

Muka kama hanya. Kana addu'a a hankali, ina kallon ƙeyarka. Da muka iso wurin korayen fitilu, inda maza ke sassarfa, sai ka ɗaga hannu ka kaɗa shi gaba sau biyu, daidai yadda kake yi in kana so in ruga ta gefe. Ƙafata ta ruga kafin in yi tunani.

Ga masu karantawa da ba su taɓa zuwa ba: sa'ayi bakwai ne, daga Safa zuwa Marwa ɗaya, daga Marwa zuwa Safa biyu, a haka har a ƙare a Marwa. Da na cika bakwai na tsayar da keken a Marwa, na yi maka alamar almakashi da yatsu, wato saura aski. Ka kalle ni, ka buga hannun keken, ka karkace wuya ka ce, "Zuwa da dawowa ɗaya ne."

Na ce a raina, yau na shiga uku. Kuskure ne da sababbin zuwa ke yi, mun saba, da kalma huɗu ake gyara shi. Na ce "khalas ya hajj, sab'a," na nuna yatsu bakwai. Ka nuna mini uku, ka lanƙwasa na huɗu rabi, ka nuna hanya. In yi maka bayani da Hausa ka gane ni, ko in juya keke. Na juya keke.

Goma sha huɗu muka yi, Malam. Daga na tara gwiwar ta fara magana, a na goma sha ɗaya na daina jin yatsun ƙafata. Kamama ta jiƙe sharkaf, ina shaƙar gumina. Kuma duk sanda muka zo korayen fitilu sai ka kaɗa hannun nan, ni kuma in ruga ina ɗingishi, ina zaginka a zuci, Allah ya yafe mini. Muka ƙare a Safa, inda babu wanda yake ƙarewa. Ka daɗe kana kallona. Na sunkuyar da kai ina gyara birki da ba abin da ya same shi. Ka dafa kafaɗata ka ce Allah ya yi albarka, mutanenka suka zo suka tafi da kai. Kwana uku ban fita aiki ba.

Shekara biyu ina ba abokan ɗakina labarin nan muna dariya, wai wani tsoho daga gida ya lissafa sa'ayi da lissafin atisaye. Ban gaya musu ko wane tsoho ba ne. Na ɗauka na tsira.

Sai shekaranjiya, a cikin takardun taron da Sagiru ya turo, na karanta tarihinka da aka rubuta. A ƙasa, bayan kofuna da kekunan guragu, akwai abin da ban sani ba, don na daɗe da barin gida. Ashe ka yi aikin hajji sau biyu. Ashe tun da ka yi ritaya kai ne kake yi wa maniyyatan ƙaramar hukumarmu bita kowace shekara, kyauta, a filin makarantar firamare, kana jera kujeru biyu ka ce wannan Safa wannan Marwa, kana koya wa tsofaffi yadda ake ƙirgawa.

Na zauna a bakin katifa. Kai da kake koya wa mutane ƙirgar, ba ka ɓata lissafi ba. Ka gane ni, wataƙila tun kafin in taɓa keken. Sai a lokacin wata doka taka ta faɗo mini, wadda na manta da ita shekara da shekaru. A wurin gudu ba ka taɓa hana kowa tsayawa ba, sharaɗinka ɗaya ne: "Wanda ya gaji ya faɗa da bakinsa." Ba ka tona ni a gaban ayarinku ba, ba ka kira sunana ba. Ka ba ni bakwai na ƙari, kana zaune da ƙafa mai ciwo, kana jiran in buɗe baki. Ni kuma na zaɓi in kashe gwiwata. Ka koma gida, shekara biyu, ba ka gaya wa kowa ba, har ka bari aka buga sunana a takarda da wannan ƙaryar a gabansa.

Abin ya yi mini ciwo, Baba. Na ji haushinka, na ji kunya, sannan na yi kuka irin wanda ban yi ba tun rasuwar mahaifina. A garin nan mutum sai ya shekara ba wanda ya jira shi ya yi magana.

Ina roƙon Sagiru, in zai iya, ya karanta wannan a zauren yadda take, kada ya gyara. A goge layin can a rubuta: daga Tasi'u, mai tura keke a Makka. Mahaifiyata na kira ta jiya na gaya mata da kaina, don kada ta ji a bakin mutane. Da na gama, sai ta tambaye ni ko ina cin abinci. Sauran jama'a kuma su faɗi abin da za su faɗa, na san za a yi, ba ni da ƙarfin damuwa da shi.

Allah ya ba ka lafiyar ƙafar nan. Allah ya sa duk takalmin da ka ɗinke da duk keken da ka gyara su tsaya maka ranar da babu mai tsaya wa wani. Allah ya sa ka gama da duniya lafiya, ya jiƙan iyayenka, ya ba 'ya'yanka masu yi musu abin da ka yi mana. Ka yafe mini shirun da na yi maka tsakanin Safa da Marwa.

Na makara da shekara biyu, amma ga shi ina faɗa da bakina: Malam, na gaji. Ina so in dawo gida, kuma ban san ta inda zan fara ba. In akwai wurin mai riƙe maka ƙarfe a garejin nan, ka ajiye mini.

Naka har kullum,
Tasi'u
Ka'akiyya, Makka