Takin Da Auta Ya Aiko

Auta,

Sallama da gaisuwa mai yawa. Ya aiki, ya iyali? Motar sharar da ka turo daga birni ta iso, an juye a gonar Baba. Bakinsa ya ƙi rufuwa, duk wanda ya gifta sai ya ji cewa ɗansa mai tuƙa motar shara ya aiko masa da taki. Amma ni na sa hannu na tona. Rabinsa leda ce da batura da fasassun kwalabe. Malamar gona da ke zama da mu mata ta hana mu haɗa irin wannan da toka da kashin dabbobi, har rami biyu ta sa kowaccenmu ta haƙa a bayan gida, ɗaya na taki, ɗaya na leda da kwalabe. Yanzu iska ta watsa ledar, shanun huɗar Baba kuwa a nan suke kiwo. Jiya da hannuna na zaro wata daga bakin Guntu, ƙaramin san. Don Allah ka dakata da mota ta biyu.

Ka huta lafiya,
Yayarka

Yaya,

Na amsa, ina gaishe ki. Wato tun da kika fara zaman malamar nan kin zama likitar bola! Manoma roƙona suke in juye musu, ni na ce sai ubana. Direban da ya kai ya ce Baba har hannu ya ɗaga yana sa min albarka. Kin san ni, ban yi karatu ba, ban yi noma ba, ban taɓa yin abin da ya sa Baba ya ambaci sunana a gaban mutane ba sai wannan. Kada ki ɓata min, Yaya. Sa ai ba yaro ba ne, ya san abin da yake ci.

Ƙaninki

Auta,

Bayan gaisuwa, Guntu ya daina tuƙa. Ciki ya kumbura, haƙarƙari duk a waje. Likitan dabbobi ya danna ya ce leda ta cushe tumbin, babu maganin da zai narkar da ita. Baba ya ce min, "Yaron nan alheri ya nufa. Kada in ji wani ya gaya masa." To ga shi na gaya maka, in ya so ya yi fushi da ni. Hadari ya fara haɗowa, kuma ka san sa ɗaya ba ya jan garma. Tsoro nake ji, wallahi.

Yayarka

Yaya,

Innalillahi. Takardarki ta same ni bayan mota ta biyu ta kama hanya. Ki tare ta ko ta halin ƙaƙa. Na nemi izinin zuwa, an ce sai ƙarshen wata. Ya Guntu? Ki yafe min maganganun da na yi.

Ƙaninki

Auta,

Mun tare motar, mu matan, ta koma da kayanta. Guntu kuwa an yanka shi. Ledar da mahauci ya ciro ta cika kwando.

Ruwa ya sauka. Da safe na je gona na tarar an ɗaura wa babban san karkiya, Baba ya sa kafaɗarsa a gefen da Guntu yake tsayawa. Ya ce in gaishe ka, in ce maka takin ya yi kyau.

Kada ka jira ƙarshen wata.

Yayarka