Ina Malam Ya Shiga?

Litinin, 3 ga Maris
Yau ma Yaya ta tambayi mijinta. Ina taje mata kai ta ce, "Wai ina Malam ya shiga, har yanzu ba a tashi daga makaranta ba?" Na ce, "Yaya, ai Malam ya rasu, shekara tara ke nan." Ta ɗora hannu a ka ta fasa kuka, kamar yanzu aka aiko da labarin. Karo na uku ke nan cikin sati guda.

Ba mu haɗa uwa ko uba ba. Benci ɗaya dai muka haɗa a coci, shekara arba'in. Ita ta riƙe ni lokacin da ɗana ya rasu, ita ta koya mini addu'a da bakina. Ita ce kuma mai cewa ƙarya ko ta wasa ce, sunanta ƙarya. To, ni ya zan yi?

Alhamis, 6 ga Maris
Ta zuba gishiri a shayi, ta shanye, ta yaba mini.

Lahadi, 9 ga Maris
Na kai ta sujada a coci. Ana tsakiyar wa'azi ta ce da ƙarfi, "Wannan mutumin ba ya gajiya ne?" Mata suka sunkuyar da kai suna dariya. Ni kam kamar ƙasa ta tsage.

Da aka tashi na tare Fasto, na ce in yi mata ƙarya ko in ci gaba da kashe mata miji kullum? Ya ce, "Mama, ki sa abin a addu'a." Ya duba agogo. Da ma a ina nake sa shi?

Laraba, 12 ga Maris
'Yarta ta kira daga can inda take aiki. "Gwaggo, ki ce mata ya je unguwa mana!" A waya komai da sauƙi.

Asabar, 15 ga Maris
Ta ɓata shimfiɗa. Wajen wanka ta cije ni a dantse, ta kira ni ɓarauniya. Na doke mata hannu. Na doke shi da gaske.

Na shiga kicin na ce, Ubangiji, ka ɗauke ta ta huta. Ita nake so ta huta, ko ni? Ban ce amin ba.

Talata, 18 ga Maris
Na rufe addu'ar safe cikin sunan Yesu, ta taɓo ni ta ce, "Shi wannan ɗan gidan wa ne?" In ta manta da shi, shi fa, zai manta da ita?

Juma'a, 21 ga Maris
Ta tambaya, na sake faɗa mata gaskiya. Na fita shanya, na dawo ƙofa a buɗe. Awa biyu ina zaga layi ina kiranta. Mai facin taya ne ya kawo ta daga bakin babban titi, ba takalmi, ƙafa na jini. Wai za ta wajen jana'iza. "Sun binne shi ba su jira ni ba," in ji ta.

Na wanke mata ƙafar.

Litinin, 24 ga Maris
Ba ta cin abinci. Loma biyu, ta ture.

Alhamis, 27 ga Maris
Da rana ta ce, "Ina Malam?" Ban shirya ba, sai kawai na ji na ce, "Yana tafe, ya tsaya duba takardun yara." Ta yi tsaki mai haɗe da murmushi. "Halinsa ne. Zuba masa nasa ki rufe, kar ƙuda ya faɗa." Ta cinye nata tas, har da neman ƙari.

Na zuba masa kuwa, na rufe.

Da yamma na durƙusa in nemi gafara, sai na ji bakina yana cewa na gode. Ban gyara ba.