Ranar da Dillaliya Ta Saurari Tukunyata

Zuwa ga Innata, Hajara dillaliya, a makwancinta na Matankari.

Bayan gaisuwa mai yawa da ladabi irin na ɗiya ga mahaifiyarta, ina fatan ƙasa ta yi miki sauƙi. Ni ce Rakiya, daga ɗakin aurena a Ɗan Kassari.

Inna, yau kwana tara ban taka ƙofar gida ba. Tsofaffi sun ce tun zamanin aikin tilas ba su ga ɗari irin na bana ba. Ruwan randa yana cizon haƙori, awakin maƙwabta biyu sun wayi gari a sandare. Jikarki Hadiza, wadda ba ki gani ba, tana da wata bakwai, kuma tari ya kama mata ƙirji. Ba na iya fita da ita, ba na iya barin ta. Mijina Mamman ya tafi cin rani Kumasi tun da aka ɗaure damman hatsi, har yau ba saƙo.

Kin san ni da littattafai. Guda huɗun nan da Mamman ya sayo mini a Kamba na karanta su har takardun sun yi laushi. A cikinsu, idan mace ta shiga uku, mahayin doki yakan ɓullo ya cece ta a shafi na gaba. Na buɗa su jiya, sai na tarar ba su nake ji ba, muryarki nake ji.

Ina tuna yadda kike shiga gidan mutane da ƙunshi a ka. Ba kya kwance shi. Sai kin tambayi lafiyar kowa har ta akuya, sai matan sun gaji sun kwance da hannunsu. Ki yafa wa mace atamfa a kafaɗa, ki ja da baya taku uku, ki ƙare mata kallo. Sannan ki ce, "A'a, cire, wannan ya fi ƙarfin garin nan." Ban taɓa ganin wadda ta cire ba.

Turare kuwa a wuyan hannunki kike ɗiga shi tun daga zaure, ki yi ta ba da labari kina kaɗa hannu, har wata ta ce mene ne wannan. Ni a lokacin gani nake duk masu rubuta littafi ba su kai ki ba.

Amma akwai ɗaya gefen sana'ar, na saye. Kin sha gaya mini a hanya, "In kin je sayen kayan mace, kada ki dubi kayan, dubi murhunta. In toka ta yi sanyi, ko nawa kika ce za ta sallama."

Inna, shekaranjiya na aika a kira Tabawa, wadda ta koyi dillanci a hannunki, ta zo ta sayi tasoshin aurena. Ina son kuɗin jaki da na magani in kai Hadiza likita a Dogon Dutsi. Karan da ya rage mini ƙulli ɗaya ne, wanda na ajiye don ɗumama ɗaki da sassafe lokacin da tarin ya fi tsananta. Na daɗe ina kallonsa. Sai na ce ai ni ɗiyar Hajara ce, ba za a kama ni da toka mai sanyi ba. Na hura wuta da rana tsaka, na ɗora tukunya, na zuba ruwa zalla na rufe.

Ta zo yau da azahar, tukunyar tana tafasa. Ta gaishe ni da gaisuwarki, ta yi wa yarinya addu'a, ta ji ɗumin wutata sosai. Ba ta taɓa murfin ba. Ta dai karkata kai kaɗan, ta kasa kunne. Ashe tafasar ruwa zalla da ta abinci ba sautinsu ɗaya ba ne. Wannan kin koya mata, ni ba ki koya mini ba, ko kin ɗauka ba zan taɓa zama a wannan gefen tabarmar ba.

Ta faɗi abin da ta ga dama, na ce na sallama. Kuɗin ya isa jakin zuwa. Na dawowa ban sani ba. Karan ya ƙone ƙurmus. Na auna littattafaina da ido, ba za su ɗumama ko ruwan wankanta ba.

Tun da ta fita nake tuna wata mai takaba a Kore Mairuwa, wadda kika sayi saƙinta na aure. Ta riƙe gefen zanen ba ta sake shi da wuri ba, sai da kika ja. A hanya kin saya mini ƙuli-ƙuli, na ci ina tsalle. Ban san sunanta ba. Ban san ko tana da yarinya a ɗaki ba.

Ba ƙara na kawo ba, Innata. Da bakin nan naki kika ciyar da mu mu biyar bayan Baba ya rasu, kuma da kina nan da kin zo da bargonki kin ɗauke mini ita ko na sa'a ɗaya, in runtsa.

Gobe in rana ta ɗan ɗaga zan goya ta a ƙarƙashin zanena mu kama hanya. Allah ya gafarta miki abin da kika sani da wanda ba ki sani ba, ya haskaka kabarinki. Allah ya bar mini Hadiza. In kuwa ya rubuta ta riga ni zuwa wurinki, ki karɓe ta da hannu biyu, ki rufe mata ƙirji, ba ta son sanyi.

Ɗiyarki,
Rakiya